Matar da Ta Hana Mu Cewa Ba Mu da Zaɓi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban jami'a, ranka ya daɗe. Shugaban tsangayarmu da shugabar sashen falsafa, sannunku da zuwa. Allah gafarta Malam, limaminmu, da ka daure wa ciwon gwiwa ka hawo matakalar nan. Baba, mijin marigayiya. 'Yar'uwa injiniya, babbar 'yarta, da ƙaninki malamin jinya. Goggo, ƙanwar marigayiya, da jikoki. Abokan aiki, ɗalibai na da da na yanzu, da ku iyayenmu mata da kuka cika layin baya. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Kwana goma sha biyu ke nan da muka rasa Malama, amma har yanzu in na bi ta ƙofar ajinta na bene sai in rage tafiya. Duk wanda ya zauna a ɗakin nan ya san shi. Fanka ɗaya mai kuka kamar tana neman taimako, taga uku, da bishiyar da inuwarta ke shigowa bayan azahar ta kwanta a kan allo. Ƙurar alli takan tsaya cikin hasken rana kamar ta manta da faɗuwa. A tsakiyar wannan hasken muka fara ganinta.

Ranar farko ba ta rubuta komai ba. Ta ajiye jaka, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya kawo ku nan?"

Wani ya ce babansa. Wata ta ce makinta ne bai kai na likitanci ba. Ni na ce nan aka turo ni. Sai ta taka zuwa ƙofa, ta buɗe ta war, ta koma ta zauna. Ta ce, "Ga hanya. Ba zan rubuta sunan kowa ba." Fanka na ta kukanta, wani tsuntsu ya sauka a taga ya tashi. Babu wanda ya motsa. Da aka jima ta ce, "To, madalla. Ɗazu an kawo ku. Yanzu ku kuka kawo kanku. Ku fito da littafin rubutu."

Abin da ta koyar shekara ashirin da takwas ke nan. A takarda sunansa falsafar wanzuwa. Ita kuwa cewa take: mutum yakan farka ne ya tarar da kansa a duniya, ba a yi shawara da shi ba kan gidan da za a haife shi, ko jikin da zai zauna ciki, ko zamanin. Amma daga nan, abin da zai zama yana ginuwa ne a kan abin da yake zaɓa kullum, har da ranar da ya ce bai zaɓi komai ba.

Ta kasance mai buga takardu a wannan sashen kafin ta zama malama a cikinsa. Da yawa cikin ɗaliban yanzu ba su san haka ba. Shekara tara tana zaune a ƙaramin ofishin da ke ƙarƙashin matakala tana buga laccar wasu, kuma duk abin da ta buga sai ta karanta shi. Tana da shekara talatin da biyu, da 'ya'ya biyu, ta nemi gurbin karatu. Shugaban sashe na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya ce mata, "Ke da kike da miji da yara, me za ki yi da falsafa?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara tara ina gyara muku kuskuren rubutu. So nake in duba ko akwai na tunani." Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya sa hannu. Baba kuma ya ɗauko teburinsa na gyaran keken ɗinki daga shago ya kafa shi a barandar gida, domin idonsa ya kasance kan yara.

Ta kasance mai karanta mana littattafan labari a ajin falsafa, abin da wasu abokan aikinta suka ɗauka wasa ne. Takan karanta a hankali, muryarta ƙasa ƙasa, har sai mun manta da agogo. Da zarar mutumin cikin labarin ya kai inda dole ya yanke shawara, sai ta rufe littafin a kan yatsanta, ta juya tana kallon taga. Mukan ce, "Malama, sai me ya faru?" Takan ce, "Ku bar shi ya ɗan tsaya a nan. Nan ne kaɗai wurin da yake da rai. Da ya zaɓa, ya zama tarihi."

Ta kasance mai salla a kan lokaci, mai karatun Alƙur'ani, kuma mai karanta masanan da ba su yi imani da komai ba, ba tare da imaninta ya ragu ba. Nan ne fa aka samu matsala. Kuma nan ne dole in faɗi abin da 'yan kaɗan ne a zauren nan suka sani.

A shekararmu ta uku, wata 'yar ajinmu ta tsaya takarar shugabancin ƙungiyar ɗalibai, ta kayar da ɗan takarar abokaina. Abin ya yi musu ciwo. Suka ce Malama ce ke juya kan 'yan mata. Suka ce tana koyar da cewa babu ƙaddara. Aka yanke shawarar kai ƙara gaban hukumar jami'a. Da yake an san ni da iya tsara magana, aka ajiye mini takarda da biro. Na san ƙarya ce. Ina ajin ranar da ta yi maganar, na san ba haka ta faɗa ba. Amma su ne abokan cin abincina, su ne 'yan ɗakina. Na rubuta. Shafi uku, kuma wallahi ya tsaru.

Aka dakatar da ita zango guda, aka kafa kwamiti. Allah gafarta Malam yana cikinsa, ga shi nan zaune, in na yi kuskure ya gyara mini. Shi ya tambaye ta, "Malama, kin yarda da ƙaddara?" Ta ce, "Na yarda, Allah gafarta Malam. Sai dai ba a nuna mini abin da aka rubuta mini ba. Tunda ban gani ba, dole kowace safiya in tashi in zaɓa. Kuma ranar hisabi ni za a tambaya, ba maƙwabciyata ba. Da ba ni da zaɓi, me za a tambaye ni?" An ce Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya juya ga sauran ya ce, "Jama'a, wa'azi muka zo saurare ko bincike?"

Duk da haka takardata tana kan tebur, kuma aikinta yana hannun waɗanda suka fi son a ce an kori mace ɗaya a huta da surutu.

Wata ranar Laraba da la'asar na je gidanta. Baba yana baranda, ya zazzage cikin wani keke a kan tsumma. Ita tana ba shukokinta ruwa, waɗanda ta jera cikin tsofaffin gwangwanaye. Na durƙusa na gaishe su, na kasa ɗaga kai. Na ce, "Malama, ni na rubuta."

Ta ce, "Na sani tun layin farko. Kai kaɗai ne a ajin nan ke sa waƙafi inda ya dace."

Na ce, "Wallahi Malama, ba ni da zaɓi. Sun matsa mini."

Sai ta ajiye butar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka ce ba ka da zaɓi. Ka ce ka ji tsoro. Tsoro gaskiya ne, zan iya yafe shi. Wancan kuwa ƙarya ce, kuma kai za ta ci, ba ni ba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Ina jin ruwa na ɗiga daga gindin gwangwani. Da ƙyar na ce, "Na ji tsoro."

Baba, ba tare da ya ɗago daga kan kekensa ba, ya ce, "To a ba yaron nan ruwa mana, ya sha rana."

Ba ta ce in je in janye ƙarar ba. Na jira ta faɗa, ta ƙi. Ta raka ni bakin ƙofa tana tambayata ko na gama littafin da ta ara mini. Kwana biyar ina yawo da abin a ƙirjina, ranar Litinin na shiga gaban kwamiti na faɗi gaskiya. Na rasa abokai, na rasa ɗaki. Ita aka mayar da ita aiki, amma tabon ya zauna a fayil ɗinta. Ƙarin girman da ya kamata ta samu a shekarar sai da ya yi shekara shida yana jira, kuma har ta yi ritaya ba ta kai farfesa ba. Ni da na rubuta takardar na kai. Ina so zauren nan ya ji wannan daga bakina.

'Yar'uwa injiniya, kin sha gaya mini cewa a zangon da aka dakatar da ita kina ganin mahaifiyarki tana tashi da safe ta yi shiri tsaf kamar mai zuwa aji, sannan ta zauna a falo da jaka a cinya. Na nemi gafararta, ta yafe. Yau ina neman taki da ta ƙaninki a gaban jama'a.

Ta kasance ba ta iya zama babu ɗalibai. A cikin zangon nan ne ta fara tara mata ranar Asabar: masu sharar asibiti, masu dafa abincin ɗalibai, 'yan kasuwa, matan da suka bar makaranta tun suna ƙanana. Ga su can a layin baya. Shekara ashirin da biyu ajin bai mutu ba. Ba ta taɓa ce wa mace ki fita aiki ba, ba ta taɓa ce wa mace ki zauna gida ba. Tambaya ɗaya take yi: "Ke kika ce, ko ce miki aka yi?" Wata ta koma makaranta tana da jika. Wata ta zauna gida ta ce yanzu da saninta take zaune. Malama ta yi murna da su biyun daidai wa daida.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne, da hantsi. Ta rame, amma idon nan yana nan. Ta sa ɗanta ya ɗaga labule. Ta ce mini ta ɗan yi gyangyaɗi ta yi mafarki: wai ta ga wani ruwa mai faɗi, shiru, ba igiya ko ɗaya, teburan ɗalibai suna yawo a kansa kamar kwale-kwale. Kowane da mutum ɗaya a kai, kowa na tuƙa nasa, wasu gabas, wasu yamma. Ta ce, "Ina tsaye a gaɓa, ban san inda ko ɗaya ya nufa ba. Ka san abin mamaki? Daɗi na ji."

Na ce, "Malama, kina jin tsoro?"

Ta ce, "Ina ji mana, ni ba dutse ba ce. Wannan tafiyar ba a tambaye ni ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tafi, kuma na zaɓi in tafi ban yi jayayya da Mai kira ba."

Goggo, ki yi haƙuri. Yara, ku yi haƙuri. Baba, kai ban san me zan ce maka ba, sai dai in maimaita abin da ka gaya mini shekaranjiya, tunda ka ba ni izini. Na tarar da shi a baranda, hannunsa ba komai. Ya ce, "Ɗana, shekara arba'in da bakwai muna tare, ban taɓa gane abin nan da take koyarwa ba. Ni keke na sani. Amma kowace safiya in ta miƙo mini shayi sai ta ce, 'Malam, yau ma na zaɓe ka.' Ranar da muka yi faɗa ma sai ta faɗa, tana harara." Sannan ya ce, "Ko shi ke nan karatun?"

Shi ke nan, Baba. Ka fi mu duka gane shi.

Muna godiya ga hukumar jami'a da ta ba mu zauren nan, da likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi ɗawainiya da ita, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yalwata makwancinta, ka haskaka shi. Ka ba mijinta da 'ya'yanta haƙurin rashinta. Ka ba mu ƙarfin zuciyar da za mu ɗauki nauyin abin da hannayenmu suka aikata. Ya Allah, ta rayu tana zaɓen ka da saninta. Ka zaɓe ta cikin bayinka na kusa.

Amin.