Sunan Maigida

A tashar Cadawa muna jiran mota ta cika, na zauna kusa da wata tsohuwa mai sayar da kaji da wata matashiya mai goyo da ta dawo daga Yamai. Ni dai na kasa kunne.

"Ɗiyata, wannan ɓacin rai fa? Lafiya?"

"Ina fa lafiya, Inna! Biza suka hana ni. Maigidana ya zama ɗan ƙasa a Turai, ya aiko in je in same shi. A buro, ofishin biza, wata mata ta ce in faɗi sunanshi da bakina."

"To, sai ki faɗa."

"Mijina na fari? A gaban mutane? Na ce ta duba takarda, tana sake tambaya na sunkuyar da kai. Sai ta ce auren ƙarya ne, wai ban ma san shi ba. Ni da na haifa mashi ɗa!"

"Ba su da tarbiyya! Amma ke ma kin yi wauta. Yaron nan ya tashi bai san ubanshi ba saboda kunya? Ki koma ki buɗe baki. Suna ai ba garwashi ba ne, ba ya ƙona harshe."

"Haka ne, Inna. Ke yaya sunan naki maigidan?"

Tsohuwa ta gyara lulluɓi, ta duba kajinta.

"Baban Labo mana."

"Sunanshi na ce."

"Ke, rufa mani asiri! Ni Turai za ni?"