Na aika gero, kotu ta ce kuɗi ta yanke

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ɗan Limawa ne a Dutse, amma daga Fatakwal nake rubutowa, inda na shekara shida ina tuƙa motar kamfani.

Da muka rabu da uwar 'ya'yana, alƙali ya yanke mini kuɗin ciyar da yara uku, yayana Malam Sabo ya tsaya mini. Ban taɓa fashin biya ba sai bana, da kamfanin ya sallame mu, ko sannu babu. Kunya ta hana ni sanar da kotu. Sai na roƙi Yaya ya riƙa kai mata gero daga gonarmu ta Miga, ina zaton na fita haƙƙi.

Shekaranjiya ya kira ni, ya ce: "Ado, sammaci ya zo. Sun ce kuɗi aka yanke, ba gero ba. In ba ka bayyana ran Litinin ba, ni za a riƙe."

Ban ga laifin uwar yaran ba da ta koma kotu, gero ba ya sayen magani. Amma wallahi tsoro nake ji. In na zo hannu wofi, ana iya tsare ni. In na ƙi, dattijo mai hawan jini zai kwana a kulle saboda ni.

Don Allah a tambayar mini masana: alƙali yana rage wa wanda ya rasa aiki? Takardar sallamar tana hannuna.

Yaya, in kana saurare, ka sha maganinka. Motar Asabar zan hau.