Ɗakin Ƙasa na Gidan Iya Abigel

Assalamu alaikum. Shugaban taro Alhaji Dikko, manyanmu na ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar, malamanmu, iyayenmu mata, 'ya'yana ɗalibai, jama'a baki ɗaya, barkanmu da Sallah. Na gode da aka miƙa wa wanda bai yi boko ba lasifika. An ce in taƙaita. To, za mu gani.

Shekarar da aka buɗe babbar gadar da ta haɗa Brooklyn da Staten Island, a shekarar Iya Abigel ta rasu. Tsohuwar Baturiya ce a unguwar Stapleton ta Staten Island. Ita ta ba ni ɗaki sa'ad da na sauka daga jirgin ruwa, ba dangi, ba Turanci. Ina share mata ƙanƙara, tana ce mini ɗanta.

Magana ta farko. Kullum da yamma takan zuba abinci a kwano, ta rufe, ta ajiye bakin matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na ce, "Iya, na wane ne?" Ta ce, "Jibrin, ka cika tambaya." Da safe ni ke cinye shi. Sai da ƙarfinta ya ƙare ta nuna mini wani lungu bayan ma'ajiyar kwal. Ta ce nan kakarta ke ɓoye bayin da suka gudo daga kudu, ta ciyar da su, mijin kakar ya tsallakar da su cikin kwalekwalensa na kamun kawa, wani naman ruwa mai ɓawo. Maƙwabta ba su sani ba, limamin cocinsu bai sani ba, kuma da an kama su kurkuku ne. Bayi sun daina zuwa, kwano bai daina ba. Na ce, "Iya, ai wannan kwanon baƙo ne, irin na zauren garinmu!" Ta yi dariya har da hawaye. Allah sarki, mutanen da!

Ta biyu. Ni kakata baiwa ce. Ta taɓa guduwa, ta yi sallama a gidajen Musulmi 'yan'uwanta, babu wanda ya amsa, aka mayar da ita da igiya a ƙugu. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku ɗago, ba faɗa nake yi ba.

Ta uku. Kamfanin da ya sayi gidan Iya Abigel zai rushe shi gobe. Da na kai musu tarihin gidan, lauyansu ya ce mini, "Tsoho, ina shaida a rubuce?" Wanda ke ceton rai a ɓoye, takarda zai tsaya rubutawa? 'Yata Hajara ma ta ce in haƙura, da Turanci ta faɗa. Ban haƙura ba. Iyayenmu sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ba a gabana za a fara zubar da shi ba.

Allah ya albarkaci taron nan, Allah ya raya zuriyarmu a ƙasar mutane, Allah ya sa mu amsa sallamar wanda ya gudo. Gobe in Allah ya kai mu, ina sallame Asuba zan ɗauki buzuna da butata in zauna a ƙofar gidan, buldoza ta fara ta kaina. Mai zuwa ya sako babban kwat, akwai sanyi. Na gode.