Injin Sassaƙa da Gwangwanin Fenti

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Yunusu, jagoran ƙungiyar kafintoci da maƙeran Tawa, wakilin magajin gari, malam liman, abokan aikina malaman lakwal, wato makarantar boko, shugabannin jam'iyyu, da na ga kowa ya zauna a nasa gefen rumfa, iyayenmu mata, jama'a manya da ƙanana: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiya da ta shirya mini wannan taro na ban kwana. Ina godiya ga waɗanda suka zo don ni, ina kuma godiya ga waɗanda suka zo don su gani da idonsu cewa da gaske Mushe Sulaiman, kamar yadda kuke kiran malamin lakwal, zai tafi. Kowa ya bar aikinsa, kowa ya sha rana, saboda haka godiyata ɗaya ce. Kamar yadda kuka ji, an ɗauke ni daga kolejin garin nan an kai ni Tebaram, motar kaya kuma jibi za ta zo. Ba kukan kaina na zo yi ba. Inda akwai yara da alli, malamin lissafi ba ya rasa abin yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan da ke gabanku bisa amalanke. Ba ya motsi sai da lantarki, inda za ni kuwa babu lantarki.

Magana ta farko, bari in faɗa muku mene ne shi, domin an daɗe ana zancensa a tasha da majalisu, ba a taɓa tambayata ba. Injin sassaƙa ne. Ka zana abin da kake so a kwamfuta, ka ɗaure katako bisa teburin nan, sai wannan bakin ƙarfe ya bi zanen da kansa, ya yi gabas ya yi yamma, ya yi kudu ya yi arewa, ya nutsa ya ɗago, har zanen ya fito a jikin katako. Ba gwamnati ta sa ni ba, ba Bature ya biya ni ba. Sha'awa ce ta kama ni a shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, na ga in ban ba hannuna aiki ba tunani zai kashe ni. Kwamfutar da ƙananan motocin lantarkin nan masu juya bakin ƙarfen na same su cikin tarkacen wani ofishin agaji da ya naɗe kayansa sa'ad da hanyar arewa ta lalace. Dogayen kusoshin daga kasuwa na tsinto su. Teburin kuwa aminina Alƙasum kafinta ne ya haɗa shi, ga shi can zaune ya sunkuyar da kai.

Ranar da na fara gwada injin, da'ira na zana, sai ya sassaƙo mini wani abu mai tsini ta gefe ɗaya. Uwargidana Rahinatu ta leƙo zaure ta ce, "Mushe, duk hana mu barcin ranan ga da kake yi, ashe ƙwan zabo kake nema?" Na yi dariya tare da ita, na koma na ɗaure kusoshin da robar tayar keke har suka daina wasa. Daga baya ya yi da'ira, ya yi haruffa, ya yi furen kan gado wanda Alƙasum ya yi ta shafawa da hannu. Ɗalibaina suka riƙa cika zaure bayan la'asar, har waɗanda ba sa iya zama a aji. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba.

Magana ta biyu ita ce fenti. Damina ta zo, tsatsa ta fara cin ƙarfen, sai na roƙi ragowar fenti a shagon Alƙasum na shafa masa. A lokacin fenti fenti ne kawai. Sai aka buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka fito, kowace ta ɗauki launinta, wata kuwa ta ɗauki launin da ke jikin injina. Mutanenta suka riƙa tsayawa ƙofar zaure suna cewa, "Ashe Mushe namu na, har injinai ya sa riga!" Ɗaya ɓangaren kuma suka hana ƴaƴansu zuwa. Na ce abu mai sauƙi, na sayo wani gwangwani na sake masa launi. Jama'a, ni da nake koyar da lissafi, ban lissafa cewa babu sauran launi marar mai shi a garin nan ba. Na farko suka ce na canza sheƙa, na biyu suka ce ɗan leƙen asiri aka turo musu. Na ɗauki wuƙa da yashi na kankare shi tas, har ya koma yadda kuke ganinsa yanzu, sai aka ce mutumin nan ba ya tare da kowa. Wanda ba ya tare da kowa kuwa, ranar da aka zauna rabon wuraren aiki, ba shi da mai buɗe baki dominsa.

Ba na zargin wani da suna. Ni ma na yi murna da zaɓe, na tsaya a layi cikin rana na jefa ƙuri'ata. Amma ina tambayarku, ya ku shugabanni: katako yana da jam'iyya? Tsatsa tana tambayar wa ka zaɓa? Mun daina zuwa sunan juna, mun daina sayen nama wurin mahaucin da ba namu ba, yau ga shi har ƙarfe muna duba masa riga. Wannan abu ya karya mini zuciya, kuma ban ga alamar ranar da zai gyaru ba.

Magana ta uku roƙo ce. Ɗaki nake nema mai lantarki, da mutum ɗaya da zai zauna in nuna masa yadda ake tuƙa injin kafin in tafi. Ban ce a saya ba. Na zaga shaguna, na zaga ofisoshi, kowa ya ba ni ruwa ya raka ni ƙofa. Har Alƙasum ya ce da ni, "Mushe, wallahi ba ƙi ni yi ba, amma in anka ga abin ga cikin shagona, wa za ya kawo min aiki?" Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Shi ya sa na turo injin nan gaban kowa, don a shaida ba kyautar wani ɓangare ba ce. Duk wanda zai karɓe shi yadda yake, ya ci gaba da aiki, yara su riƙa zuwa suna gani, ya ɗaga hannu.

Ina jira, jama'a.

Na duba wannan gefe, na duba wancan, ban ga hannu ko ɗaya ba. Malam liman, kai ne shaida. To, alhamdu lillahi.

Tunda haka ne, bari in faɗi abin da na so in tafi da shi a ciki. Cikin makon nan mutane sun yi ta sallama a gidana ɗaya bayan ɗaya, daga kowane gefen rumfar nan. Wani yana son motocin don gyaran rediyo da fanka, wani yana son kusoshin don ƙofar garka, wani yana son kwamfutar ya ajiye a ofishin jam'iyya a ga suna da ita, wani ya ce teburin zai yi kyau da sayar da tsire. A haɗe ba mai so, a kwance kowa yana da buƙata. Na amince. Shugaba Alhaji Yunusu, ga sufanar kwance kusoshi, ka raba musu da adalci. Alfarma ɗaya nake nema: ku bari motata ta fita gari kafin ku kwance kusa ta farko.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya kwantar da arewa, Ya buɗe hanyoyi, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya ba ƴaƴanmu abin da muka kasa riƙe musu. Wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni ma na yafe. Allah Ya kai kowa gidansa lafiya.

Na gode.