Rumbun Gafasa Ba Shi da Kusurwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malamai, Allah ya gafarta muku. Arɗo da jama'arsa, mutanen Toranke, mutanen Gafasa, 'yan'uwana mata na can baya, duk ina gaishe ku.

Ni ce Hajara, gyatumar Abdulsalam. Ban yi boko ba, kuma taro tsoro yake ba ni, shi ya sa na faɗa wa Malama Hindatu ta rubuta, ita ce take karanta muku. Na gode da kuka ba tsohuwa wuri.

Na farko, abin da ya faru. Ran nan da hantsi Abdulsalam ya shigo, waya a hannu, gora a kafaɗa. Ya ce, "Inna, kalli, Fulani sun ƙone rumbunan Gafasa. Yau sai mun tashi rugarsu." Rugar nan kuwa a cikinta ƙawata Baiwa take, wadda ta shekara talatin tana kawo min nono. Na ce matso da wayar. Ga wuta kam, ga ihu. Amma jama'a, rumbun mai kusurwa huɗu ne! Wa ya taɓa gina rumbu mai kusurwa a ƙasar nan?

Ya ce, "Inna, ke me kika sani a waya?" Na ce ban san waya ba, na san rumbu. Na zauna a bakin zaure, na ce sai dai ka tsallake ni. Dole ya kira abokinsa Muhyiddeen a Gafasa. Ashe mutumin yana gona yana yankan dawa, ko hayaƙi bai gani ba.

Na biyu, masu bincike sun ce daga wata ƙasa aka turo hoton, wasu ne ba su san mu ba, ba mu san su ba, so suke ƙasarmu ta wargaje. Su ma 'yan ruga an tura musu nasu, wai mun kashe musu shanu.

Na uku, tsorona. Wannan karon sun yi kuskuren rumbu. Gobe za su gyara, ni kuma idona ya fara tafiya. Don Allah 'ya'yana, don Annabi, kafin hannu ya kai ga gora, ya fara kaiwa ga lambar wayar ɗan'uwa.

Ga Baiwa nan kusa da ni, da ranta, har dariya take min. Allah ya tsare garuruwanmu da rugagenmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode, na gode ƙwarai.