Saniya Ɗaya, Gida Goma Sha Ɗaya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya halicci mutum, ya halicci dabba, ya zaunar da su gida guda. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga taro. Mai girma uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu. Dakta Naja'atu likitar mutane, da Dakta Anwar likitan dabbobi, da ɗaliban da sunka biyo su daga jami'a. Ardo da jama'arsa. Sarkin Fawa da Sarkin Shanu. Baƙinmu na Katuru da na Kasuwar Daji, da waɗanda sunka taso tun daga Ƙaura da Shinkafi. 'Yan kabu-kabun da sunka kwaso su, waɗanda nike roƙo su kashe mashinansu har in gama. Iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa. Jama'ar Gurbin Bore manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sha'aibu Tsoho, ni ne shugaban ƙungiyar masu kiwo ta wanga gari. Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga hukuma da ta ba da izinin taro, da jami'an tsaron da sunka tsaya mana bakin hanya. Ina godiya ta musamman ga likitocin nan biyu, domin sun zo garinmu sau ɗaya, sun ga halinmu, kuma duk da haka sun dawo.

Magana uku ke bakina: abin da ya kawo likitoci, da abin da munka yi musu, da abin da za mu yi gobe.

Ta farko. Kowa a nan ya san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari, ya kumbura mata gwiwa. Abin da ba mu sani ba, sai da waɗanga bayin Allah sunka faɗa mana, shi ne bakkale ba ya tsayawa a turke. Yana bin ɗanyen nono ya shiga cikin mutum, yana bin hannun wanda ya taɓa ɗan maraƙin da anka yi ɓarinsa. Idan ya shiga, sai zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da zufa, da ciwon baya da gaɓɓai. Ni ba labari anka ba ni ba. Maiɗakina Lauratu, uwar Ummusalma, shekara biyu tana cikin wanga hali. Mun sha maganin cizon sauro har mai kemis ya fara jin kunyarmu, mun sha na shawara, mun sha saƙe-saƙi, mun sha rubutu. Mace da ke surfa dawa tana waƙa ta koma ba ta iya ɗaga tulu.

To, bara bayan kaka sai ga likitoci da wani tsari mai kyau. Sunka ce za su shiga gida goma sha ɗaya inda ake da mai irin wanga zazzaɓi. A kowane gida Dakta Naja'atu za ta ɗebi jinin mutanen gida, Dakta Anwar kuma ya ɗebi jinin saniyar da ake shan nononta, a kai can a auna, a ga ko ciwon mutum da na dabba ɗaya ne. Abin da sunka roƙa ke nan, ba su roƙi komai ba bayan shi: a nuna musu saniyar gida.

Abin da ya zo da magana ta biyu ke nan, kuma ina roƙon uban ƙasa ya yi mini afuwa tun kafin in fara.

Jama'a, ku kun san mu. Baƙo in ya zo, ba mu shimfiɗa masa tsohuwar tabarma, gidan maƙwabci muke zuwa mu aro sabuwa. Ba mu ba shi fura a fasasshen ƙoƙo. Haka munka tashi, haka munka iske iyayenmu. To, ranar da anka ce gidana za a fara, na shiga turke na tsaya na dubi saniyata. Daga abin da ɓarayin daji sunka bar mini, ita kaɗai ke da nono. Ta yi ɓari sau biyu, gwiwarta a kumbure, haƙarƙarinta kuwa ko daga bakin ƙofa kana iya ƙirga su. Na ce a raina, ni shugaban masu kiwo, mutane sun taso tun daga jami'a da farar mota, wagga zan nuna musu? Su koma su faɗa cewa shugaba ma ga abin da yake kiwo?

Sai na zagaya gidan maƙwabcina Magaji. Kun san bokolonsa, farar saniyar nan mai sheƙi, wadda yake ba dusa da harawa kafin ya tambayi ko iyalinsa sun karya. Na ce ya ara mini ita na sa'a guda. Bai ma tambaye ni dalili ba, ya kwance igiya ya miƙo mini, domin shi ma mutumin garin nan ne. Tawa kuwa na kai ta bayan rumbu na ɗaure, na zuba mata kara don ta yi shiru.

Likita ya zo, ya shafa bayanta, ya ce masha Allah. Ya ɗebi jini a wuya, ɗalibinsa ya ɗauki hoto da waya, anka shafa mata shuɗin fenti a ƙugu, anka rubuta: saniyar gidan Sha'aibu Tsoho. Na ji daɗi har cikin raina. Ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji ni shugaba ne.

Ashe ɗayan maƙwabcina Mudi yana leƙe ta saman danga, kuma gidansa ne na biyu. Ana cikin ba likitoci fura a zaurena, anka wanke fentin da sabulu da toka, anka bi da saniya ta bayan gida. Kafin su gama gaisawa da tsofaffin unguwa, ta riga su isa gidan Mudi, an sake mata igiya, tana cin harawa kamar can anka haife ta. Daga gidan Mudi sai gidan Isah. Shi Isah mai dabara ne, ya shafa mata laka a ciki don ta canza kama. Wani ya rataya mata laya, wani ya goga mata gawayi a goshi. Kwana huɗu anka yi ana aiki, yau wanga ɗalibi ke riƙe waya, gobe wancan, kuma farar bokolo a idon ɗan birni duk ɗaya ce. Babu wanda ya kira taro a kan wanga shiri, babu wanda ya shawarci wani. Kowa shi kaɗai ya dubi turkensa, ya ji kunya, ya tafi gidan Magaji. Har suna anka sa mata, 'Yar Rangadi.

Abin ya kai, a gida na tara, tana hango farar riga sai ta juya da kanta ta miƙa wuya. Dakta Anwar, ga shi nan zaune, in na yi ƙarya ya tashi ya ƙaryata ni, ya ce ya yi aiki a jihohi uku bai taɓa ganin shanu masu tarbiyya irin na Gurbin Bore ba. Mu kuwa munka ce ai haka muke renonsu. Shi kansa Magaji, da anka zo gidansa na ƙarshe, saura kaɗan a rasa abin nuna wa likita, domin saniyar tana can gida na goma ba a maido ta ba.

Bayan wata guda sakamako ya fito. Mutane da yawa an samu ciwon a jininsu, har da Lauratu. Shanu kuwa goma sha ɗaya, dukansu garau. Likitoci sunka rasa inda za su sa kansu. Sunka dawo sunka auna ruwan rijiya, sunka bi mahauta, sunka tambayi masu tallan nono daga wace ruga suke. Na ji an ce Dakta Anwar har ya fara rubuta wa manyansa cewa ya gano wani sabon abu da ba ya cikin littafi: garin da mutane ke da ciwon shanu, shanu ba su da shi. Mu kuma muna biye da su da buta da tabarma, muna cewa Allah ya ba da sa'a.

To, a nan dariya ta ƙare, ko da yake na ga har yanzu Sarkin Fawa bai gama tasa ba.

An ba Lauratu magani na sati shida, ta sha, ta miƙe, har ta koma surfe. An kuma ce mata ta riƙa dafa nono. Amma ni na shigo gida da takarda mai hatimi, wadda ta ce saniyar gidan Sha'aibu Tsoho lafiyarta lau. Ita ranar da anka ɗebi jinin tana kwance a ɗaka, ba ta ga wadda anka nuna ba. Ta ce tunda tamu lafiya take, mi zai sa ta ɓata itace? Ni kuma, Allah shi ne shaida, na yi ta kallon takardar nan har na fara yarda da ita, ni da na aro saniyar da hannuna. Na ga tana shan ɗanyen nono, ban hana ta ba. Wata uku ba su cika ba ta sake kwantawa, wanga karo ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta.

Dakta Naja'atu ta zo duba ta, ranta a ɓace, domin manyansu sun ce musu in ba su gano tushen ciwon ba su tattara su kai aikin Katuru. Ta zauna bakin gado tana tambayar abin da take ci da abin da take sha. Da anka zo kan nono, sai ta buɗe waya ta ce, “Inna, ba daga saniyarku ba ne, ga ta nan, mun auna ta.”

Lauratu ta karɓi wayar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ɗiyata, wagga ai saniyar Magaji ta. Tamu tana bayan rumbu.” Sannan ta juyo ta dube ni ina tsaye bakin ƙofa, ta ce, “Malam, kunyar baƙo kaj ji, ba ka ji tawa ba?”

Likita ta jera hotunan nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ga laka, ga laya, ga gawayi, ga kunne guda mai tsaga a kowane hoto. An auna tawa ta gaskiya, an samu bakkale, an raba ta da sauran. An sake ba Lauratu magani, kuma alhamdu lillahi yau da ƙafarta ta zo wanga fili.

Magana ta uku gajera ce. Gobe da hantsi likitoci za su sake farawa, kuma wanga karo har da Katuru da Kasuwar Daji. Ina roƙonku don girman Allah, wanda ke da ramammiya ya kawo ramammiya, wanda ke da gurguwa ya kawo gurguwa, wanda tasa ta yi ɓari ya faɗa da bakinsa tun ba a tambaye shi ba. Likita ba surukinka ba ne, ba neman aure ya zo ba, ciwo ya zo nema. A dafa nono kafin a sha. Kada a taɓa ɓari da hannu tsirara, a sa leda, a binne shi da zurfi. An kuma ce mini yanzu lamba za a maƙala a kunne, wadda sabulu ba ya wankewa, don haka Isah ya huta. Magaji kuwa ya rantse ba ya ƙara ba da aro, ya ce saniyarsa ta ba da jinin da ko ɗan jam'iyya bai ba ƙasa ba.

Saura abu guda, kuma shi ne mafi nauyi a gare ni. Na nemi gafarar Lauratu a gida, ba sau ɗaya ba. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa roƙonta abu ta hana ni ba, amma wanga karo ta hana. Ta ce ba ita kaɗai ke kwance ba, akwai mata tara a gidaje tara da anka yi wa irin abin da na yi mata, kuma ni na buɗe hanya. Ta ce tunda don kada a ji kunya a gaban mutane na yi, to in je gaban mutane in faɗa, da bakina, ba tare da na rage komai ba, sannan ta duba.

Uwar Ummusalma, ga uban ƙasa, ga liman, ga mutanen ƙananan hukumomi uku. Na faɗa, ban rage ba. Ni na aro saniya, ni na ɓoye tamu, ni na gan ki da ƙoƙon nono na kawar da kai. Ki yafe mini. Ku kuma sauran taran, na ga wasunku suna gyara hula suna kallon ƙasa, naku matan suna can rumfa guda da tawa, kuma sun ji komai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na turke. Allah ya saka wa likitocin nan da alheri, ya ƙara musu haƙuri da mu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, ya maida manomi gonarsa, ya maida makiyayi dajinsa. Allah ya kai baƙinmu gida lafiya. Mu kuma da za mu koma namu gidajen yanzu, Allah ya sa mu iske an sauko.

Na gode, wassalamu alaikum.