Takardar da Na Tsinta a Kasuwar Shagari

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne Sanusi mai faci daga Horo Birni.

Ranar kasuwar Shagari da safe na ga wata takarda a ƙasa gaban rumfar masu albasa, ana ta taka ta. Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane sunan Allah a jikinta. Babanmu ya hore mu, duk takardar da ke ɗauke da sunan nan a ɗauke ta a soke a tsagar bango. Na ɗauka na kaɗe.

Bitrus mai allurar dabbobi, da ke zuwa daga Bodinga, ya duba ya ce shafin littafinsu ne na Kirista. Na tambaye shi me aka rubuta. Ya ce, "Sunaye ne. El Shaddai, wato Allah Maɗaukaki. Wannan kuma El Royi, Allah mai ganina." Iyakar maganarmu ke nan. Na soke ta a bango na koma aiki.

Kafin la'asar labari ya zaga wai Bitrus na karantar da ni. Kawu Garba, wanda na shekara shida a rumfarsa, ya ce, "Mi ya kai ka ga takardar da ba tamu ba? Aje kayana ka tahi." Yau kwana tara ba aiki, wasu ko gaisuwata ba su amsawa.

Malamai su ba ni shawara: da in bar ta ana takawa? Mamman mai albasa na wurin sa'ad da muke magana da Bitrus, Isa direba ma ya ji komai, amma ba wanda ya fito ya shaide ni. Shaidan da ya rage mini sai Mai ganin nan da aka rubuta a takardar.